Jan Bargo a Kan Igiya

Zuwa ga Merle, hasken idona, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, sanyin raina kuma ciwon kaina.

Na je birnin Chicago ranar Asabar, masoyi, na raɓe a bayan taron masu kallon zane ban bari ka gan ni ba. Na ga zanenka a bango: gidanmu na ƙauye a Nebraska, rumbun masara, hayaƙi yana tashi daga kicin, ga jan bargona a kan igiyar shanya. Har facin da na yi masa ka zana! Zuciyata ta narke, sai ga Priscilla, mai ɗakin baje zanen, ta zo ta ɓata komai.

Ta ɗaga kofin giya tana lumshe ido, wai, "Ku dubi kangon nan, jama'a. Ƙauye ya mutu. Jan nan jinin ƙasa ne." Jini! Matar da ba ta taɓa taka kashin shanu ba, ita ce za ta yi wa gidan ubana jana'iza? Wani mai gemun akuya ya ce shirun wurin tsoro yake ba shi. Shiru? Ya zo da asuba ya ji aladunmu suna neman abinci.

Su ban damu da su ba, jahilci ne ya sha turare. Kai ne ka ba ni kunya, kana gefenta kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ka manta bargon nan ne? Duk ranar da Baba ya tafi kasuwar shanu nakan shanya shi, ka hango daga gonarku, ka ratso masara da gudu ganye yana yankar maka hannu. A kansa muka zauna ka fara cewa kana sona. Yaushe ya zama jini? In gidan kango ne, wa ya hura wutar da ka zana hayaƙinta?

Na ji ta ba ka ɗaki a saman shagonta na baje zane. Zauna mana, ka yi ta zana mu matattu suna tafa maka! Amma kada ka ce ba a kira ka ba. Tunda Baba ya rasu ba wanda nake ɓoye wa, duk da haka kullum safiya sai na shanya bargon nan, rana tana cin launinsa. Ka dawo, farin watana. In ka ƙara jinkiri, jan da ka sani ba za ka same shi ko'ina ba sai a bangon Priscilla.

Taka ce ni, ko da bargon ya koma fari fat,
Arlene