Allurar da Baba Ya Hana Ni

Leshan, farkon kaka.

Zuwa ga yayata Shuzhen,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida Baoshan da yara. Na ji an ce sanyi ya fara sauka a Harbin, don haka ki riƙa rufe ƙirji. Ranar bikin wata na kunna turare a gaban hoton Mama, na roƙa miki lafiya da tsawon rai. Mu nan ba laifi. Ƙaninmu Deming yana can yana fama da motarsa ta haya, 'yarsa ta shiga makaranta, barkonon da kika shuka a bayan gida kuwa ya yi 'ya'ya har mun rasa inda za mu shanya shi.

Yaya, akwai abin da ya tsaya mini a wuya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Watan jiya Baba ya zame a bakin rijiya ya faɗi zaune. Hoto ya nuna ba karaya, amma tsatsonsa ya riƙe, kuma fitsari ya daina jin maganarsa. Kin san Baba da girman kai. Mutumin da ya tsufa yana yi wa gari maganin gargajiya na tsira allura a jiki, ga shi ana canza masa shimfiɗa kamar jariri. Likitan asibiti ya ce in abin bai saki ba sai an sa masa robar fitsari. Baba ya ce shi ba famfo ba ne, a mayar da shi gida, allura a Ciliao za ta wadatar.

Na san kin manta sunayen nan tun da kika yi aure. Rami na biyu ne cikin ramuka takwas ɗin nan na ƙashin tsatso, wanda Baba yake sa mu lalube a bayan Mama muna yara. Ba a ganinsa, sai dai yatsa ya ji shi, in an kuskure kaɗan allura ta ci karo da ƙashi. Baba ba zai iya yi wa bayansa ba, kuma hannunsa rawa yake yi yanzu. Ni kuwa na fi shekara ashirin a ɗakin maganin nan. Ni ke share shi, ni ke dafa allurai, ni na ƙi aurena na Chengdu don kada in bar shi shi kaɗai. Saboda haka na wanke hannu, na ɗauko doguwar allura, na tsaya a kansa. Bai ko ɗago kai daga matashi ba, sai ya ce in kira masa Lifen.

Lifen fa, Yaya, matar Deming, wadda aka kawo gidan nan tana sayar da awara a bakin kasuwa, wadda ni da kaina na koya mata yadda ake riƙe allura bara waccan, don ta ce zaman banza ya ishe ta. Na ce da Baba ko ya manta surukarsa ce, zai buɗe mata ƙugu? Ya ce mai jiƙa tabarma ya wuce maganar kunya. Ta shigo hannunta duk ƙamshin tafarnuwa, tana cewa wai ita ina ta isa, Yaya Shulan na tsaye. Amma ba ta jira an roƙe ta sau biyu ba.

Ni aka bar wa riƙon tawul. Ta ɗora babban yatsa, ta ɗan zame ƙasa, ta soka. Allurar ta shige kamar cikin awarar tata. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce ya ji ta har yatsun ƙafa. Ya ƙara da cewa tun rasuwar mahaifinsa bai ga hannu irin wannan ba. A gabana ya faɗa, ina riƙe da tawul.

Kullum da safe tana yi masa, ni ina kunna mata tazargade tana gasa wurin. Yanzu ya daina jiƙa shimfiɗa, har yana takawa gidan shayi da sanda. Na yi murna, kada ki yi mini wata fassara. Amma a gidan shayin ba shi da hira sai ta Lifen, har tsofaffin da na yi shekaru ina yi wa jinya suna shigowa suna leƙen bayana, wai ina ƙaramar likita. Ita kuma sai ladabi take ƙara yi mini, ta kawo mini shayi da hannu biyu, ta ce komai daga gare ni ta koya. Da za ta yi mini rashin kunya sau ɗaya da na samu abin kamawa.

Shekaranjiya ina ba shi kunun shinkafa na tambaye shi me hannuna ya rasa. Ya ce ba abin da ya rasa, na fi ta sani nesa ba kusa ba, sai dai ni ina tsoron in ji masa ciwo, ita kuwa rami kawai take nema. Na so in ɗauki wannan a matsayin yabo. Sai jiya na ga akwatin allurai na Kaka, na baƙin katakon nan, a kan teburinta.

Ga roƙona. Idan kin zo sabuwar shekara, ki ce bayanki na ciwo, ko da ƙalau yake. Ki kwanta in yi miki a Ciliao, Baba na zaune. In kin ji ta har ƙafa ki faɗa. In ma ba ki ji ba, ki faɗa da ƙarfi, kin san kunnensa ya yi nauyi.

Ki gaishe mini da Baoshan, da Yuming da amaryarsa, da autarki Ningning. Deming na gaishe ki. Lifen ma ta ce in gaishe ki, to ga shi na isar.

Ƙanwarki,
Shulan