Ƙarfe Nawa, Majo?

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

An aiko mana da malama daga Yamai. Kapiten Amatullah, likitar soja, ba ta girmi ɗiyata ta fari ba. Ta gama wani horo na wata shida kan shugabanci da aikin likita a fagen fama, shi ne aka ce ta zagaya barikoki ta juye mana abin da aka ɗura mata. Mako uku za ta yi a Dakoro. Mu goma sha ɗaya ne a aji, duk masu jinyar soja, ni ne babba.

Shekara ashirin da takwas ina wannan aiki. Da birfe kaɗai na shiga, takardar gama koleji, ba wanda ya riƙe mini hannu. Daga wankin almakashi na fara har na zama ajidan-shef, majo na ɗakin shan maganin bariki. Saura wata takwas in ajiye kaki. Yau ga ni kan benci da kaye da bik na rubutu kamar ɗan lakkol.

Tana da ladabi dai. "Baba Majo" take ce mini. To.

Talata, 8 ga Oktoba

Ta rubuta a allo wai magana biyu suka fi yi wa shugaba nauyi a baki: "ban sani ba" da "na yi kuskure". Sarjan Amiru, mai bakin nan, ya ce, "Mon kapiten, Majo Zakiru ko cikin magagin zazzaɓi bai taɓa faɗin ɗaya ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma gaskiya na ji daɗi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yau darasin garo, maɗaurin da ake tamke hannu ko ƙafa da shi in jini ya ƙi tsayawa. Na ɗaura garo kafin a yaye wannan yarinya. Ta ce ɗaurin ba shi ne aiki ba, rubuta lokacin shi ne aiki. Kana ɗaurewa ka rubuta ƙarfe nawa a goshin mutum da baƙin alƙalami, don likitan da zai karɓe shi ya sani. In bai wuce awa biyu ba ana iya kwancewa. In ya kai awa shida, jinin da ya tsaya a ƙafar ya zama guba, ana sakin shi sai ya nufi zuciya.

Amiru ya kwanta a ƙasa a matsayin wanda aka harba, aka ce ni zan fara. Daƙiƙa ashirin na gama ɗauri, duk suka tafa. Na duƙa na rubuta a goshinshi.

Kapiten ta dubi goshin, ta dubi agogonta. Ta ce, "Baba Majo, sha ɗaya saura muke. Kai tara da minti ashirin ka rubuta."

Na ce agogona ne. Na goge da babban yatsa, tawadar ta ƙi fita sosai. Har muka tashi ina kauce wa fuskar Amiru.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Inna Uwale ta zo daga Roumbou da damin gero na sabon kaka da cuku huɗu. Kowace kaka sai ta zo, shekara goma sha ɗaya ke nan tun rasuwar ɗanta, Kaporal Jimrau. Ta ƙara tsufa, jikanta ne ya sauko da ita daga amalanke. Maganarta ɗaya ce kullum: "Ɗana, kai ka riƙe mishi kai bisa cinyarka. Ni ban samu na riƙe ba." Na ce, Inna, ki daina wahala. Ta ce, "Mi ne wahala cikin wanga?"

Matata Nuriyya ta sa damin a zaure. Ban taɓa cin geron nan ba, sadaka nake yi da shi a ɓoye. Ita Nuriyya tana tsammani tsoron Allah ne.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta kawo mana wani labari da ake koyarwa a makarantarsu. Ta ce malaminsu, Kolonel Abdulganiyu, shi ke ba da shi da bakinshi kowace shekara, don a kanshi ya faru yana sabon laftana. Ba ya faɗin gari, ba ya faɗin sunan kowa sai nashi.

An kawo mishi soja bayan la'asar, harsashi a cinya, garo a ɗaure, ba rubutu a goshi. Ya tambayi mai jinyar da ya rako shi, ya ce awa biyu. Ya kwance. Minti goma ba a yi ba zuciya ta tsaya. Kolonel yana ce musu laifinshi ne shi kaɗai: ya ga kalar ƙafar, ya ji sanyinta, amma yana ɗokin ya ceci ƙafa a ce sabon likita ya iya. Wai da ya yanke ta sama da garo, da mutumin yana nan da ƙafa ɗaya.

Amiru ya ce, "Shi mai jinyar fa?" Ta ce Kolonel ba ya yarda a taɓa shi. Wai dattijo ne da ya san aiki, ya yini cikin rana da jini a jikinshi, abin da ya sani ya faɗa.

Dattijo. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin.

Na nemi izini na fita. Na tsaya bayan ɗakin magani ina kallon bango har aka kira azahar.

Talata, 15 ga Oktoba

Ban je aji ba. Na aika cewa zazzaɓi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko zai bar ni.

Mun bi ɓarayin shanu arewa da Tagriss. Ƙarfe tara da minti ashirin na safe aka harbi Jimrau, a take na ɗaura garo. Na duba agogo, na sani sarai. Ban rubuta ba, a lokacin ina ganin rubutu na waɗanda ba su yarda da kansu ba ne. Aka ba ni mota ɗaya da direba, Samba, mu kai shi asibiti. Samba ya ce mu bi hanyar da muka zo, tana da nisa amma tana da ƙarfi. Na ce a'a, mu yanke ta kwari. Ya ce, "Majo, yashin nan ba ya ɗaukar mota." Na ce mishi na yi kiwo a dajin nan kafin ya san sitiyari. A gaban sojoji na faɗa, suka yi mishi dariya.

Muka kafe. Muka haƙa, muka fita, muka sake kafewa. Akwai radiyo a motar. Ban kira ba, don in na kira sai na faɗi inda muke, in na faɗi inda muke sai a tambayi wanda ya zaɓi hanyar.

Jimrau bai yi ihu ba. Abu ɗaya ya dame shi, kada salla ta wuce shi. "Majo, ƙarfe nawa?" Na ce da saura. An jima, "Majo, ƙarfe nawa?" Na tallabe shi ya yi taimama da yashin da ya riƙe mu, ya yi azahar a kwance. Ya yi la'asar a kwance. Ya ce in ya warke zai kawo mini rago daga garken babanshi, mai baƙin kunne.

Ƙarfe biyar muka isa. Sabon likita, yaro ne, ya fito da gudu, ya ga garon ya ce, tun yaushe? Samba yana tsaye a bayana. Na ce da farko bandeji na sa, a hanya jini ya ɓalle na ɗaura garo, awa biyu ke nan. Haka na faɗa, da murya irin ta wanda ya san aiki, ya kuwa yarda. Ina tsaye ya kwance. Na san abin da ke cikin ƙafar nan. Na ce a raina wataƙila Allah zai rufa asiri.

Haka na rubuta a rapor, rahoton aikin ranar. Samba bai tona ni ba, bai kuma sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba har ya bar aiki. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce a Kornaka. Na je jana'iza, kuma a hanyar dawowa na ji wani sauƙi a ƙirjina. Allah Ya yafe mini wannan ma.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Kwanan Jimrau ne ya ƙare. Ko ta wace hanya muka bi, ajali ajali ne. Shi kuma likita aikinshi ne ya duba ƙafa, ba ya saurari baki ba, shi da kanshi ya faɗa. Ga shi har kolonel ya zama, me ya rasa? Mutum nawa na ceta cikin shekara ashirin da takwas? A je a tambaya a Dakoro.

Na rubuta wannan, na karanta, daidai ne duka.

Amma yau a masallaci, ana tada iƙama, wani a bayana ya yi wa na kusa da shi raɗa, ƙarfe nawa. Ban san raka'a nawa na yi ba. Da rana Jimrau yake zuwa mini da tambayar nan, kullum tsakanin azahar da la'asar. Da can sau ɗaya ne a wata, ko in na ji warin yashi mai zafi da mazut na mota. Yanzu kowace rana.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kwamanda ya kira ni ofis, ya ce ya sa sunana cikin waɗanda za a ba lambar girma kafin in tafi. Ya ce mutum irina da ya gina kanshi da kanshi, shi ya kamata matasa su kalla. Na ƙame na yi godiya.

A aji Kapiten ta ce wannan mako kowa zai tashi ya faɗi kuskure ɗaya da ya taɓa yi, ba hukunci, ba rubutawa. Wani ya tambaye ta ko Kolonel ɗin nan yana yin tiyata har yanzu. Ta ce tun ranar bai sake riƙe wuƙa ba, shi ya sa ya koma koyarwa, alhali an ce hannunshi babu irinshi a ajinsu. Ta ce in ya zo wurin da zuciya ta tsaya, sai ya juya wa ɗalibai baya.

Ni na ɗauka ya manta. Wallahi na ɗauka manya suna mantawa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Layi ya zo kaina. Na ba su labarin ranar da na yi wa wani kaporal allurar da ta wani ce, ya kwana biyu yana barci. Na iya ba da labari, har Amiru ya faɗo daga benci. Kapiten ta yi murmushi ta ce an gode.

Da aka watse ta tsaya tana goge allo, ni ina tattara garo cikin kwali. Ba ta juyo ba ta ce, "Baba Majo, Kolonel yana cewa a rapor an rubuta an harbi sojan nan tara da minti ashirin. Ban faɗa muku wannan a aji ba."

Na ce, to.

Ta ce, "Asabar zan tafi. In akwai saƙo zuwa Yamai, hannu da hannu nake kaiwa, ba na buɗewa."

Shi ke nan abin da ta ce. Da ta zarge ni da na san yadda zan yi da ita.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Lambar girma. Sunana. Ƴaƴana da ke cewa babanmu bai taɓa kashe kowa da allura ba. Inna Uwale.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na yaga takarda uku ina rubuta wa Kolonel. Ta farko na cika ta da yashi da lalacewar mota. Ta biyu na sa Samba a ciki, mutumin da ke kabari. Ta uku faransancin ya yi mini yawa, na ji ina ɓuya a bayanshi.

Ta huɗu layi biyar ce. Lokacin da na ɗaura, wanda ya zaɓi hanya, radiyon da ban taɓa ba, abin da na faɗa mishi, da cewa ina sane. Na sa hannu da lambata ta soja.

Ban ce zan ba ta ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ta tafi. Ta ba kowa baƙin alƙalami ɗaya, ta ce ya zauna a aljihun hagu tare da garo. Na miƙa mata takardar cikin ambulan, ta karɓa da hannu biyu, ta sa a aljihun ƙirji, ta sara mini. Ita ce babba, ni ya kamata in fara.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Jiya bayan azahar waya ta yi ƙara, lambar Yamai. Ya ce, "Majo Zakiru? Abdulganiyu ne." Muryar ta tsufa. Na miƙe tsaye, ni kaɗai a ɗaki.

Ya ce, "Faɗa mini da bakinka. Ƙarfe nawa?"

Na ce, tara da minti ashirin, mon kolonel.

Na ji yana numfashi. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce har yanzu shi ya kwance, wannan nashi ne, amma shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da kayan mutum biyu. Ya ce dole takardar ta je wurin kwamandana, na ce na sani. Sai ya ce yana so in zo makarantar wata mai zuwa, mu tsaya gaban ɗalibai mu biyu, kowa ya faɗi rabinshi. Zan iya?

Na ce, ban sani ba, mon kolonel.

Amiru ya shigo neman makulli daidai nan, ya ji, ya tsaya baki buɗe. Na kore shi.

La'asar ta yi jiya ban ji kowa ya tambaye ni lokaci ba. Wataƙila don aiki ya yi yawa ne.

Damin Inna Uwale yana nan a zaure, na hana a taɓa. Na cika babur da mai yau da safe. Nuriyya ta ce ina zuwa, na ce babu ko'ina, mai ne kawai ya yi ƙasa. Roumbou ba nisa, in mutum ya fita da hantsi ta babbar hanya zai sami Inna Uwale kafin ta tafi gona.