Rubutun Goshin Motata

Kumasi, 9 ga Maris, 1964

Yaya Maikano,

Gaisuwa mai yawa. Ina Altine da yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi tun da na bar kwana cikin mota.

Takardarka ta iso. Ka ce in zan kawo motata gida, in goge "Yesu Makiyayina" da ke goshinta, in ba haka ba babu mai hawa daga Dutsi zuwa Kore Mairuwa, har kai.

Yaya, a nan kowace mota da rubutunta. Alhazai na hawa tawa, in azahar ta yi in tsaya su yi salla, ruwan alwala ma daga jarkata. Baƙi ke nan fa, ba 'yan'uwa ba.

Shekara bakwai ina dako kafin in saye ta, ba wanda ya tallafe ni. Na zaci kai za ka zauna gaba ranar da zan shigo gari.

Ba ni gogewa. Ka ce wa Inna hanya ta lalace, bana ba ni zuwa. Kada ka faɗa mata ainihin dalilin.

Allah ya ba ku damina mai albarka.

Ƙanenka,
Dieudonné