Takwarar Lauratu

Gumel, Litinin, 7 ga Maris, 1977

Zuwa ga ɗana Cindo, malamin dabbobi, Maigatari.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai jego. Saƙon haihuwa ya iso ni ranar Asabar. Allah Ya raya, Ya sa mai jinƙai ce.

Jiya Kawunka Bappa ya biyo ta nan, yana ta kewaye-kewaye, sai da na matsa masa ya ce kun tsayar da suna Fadimatu. Ba ni da faɗa da sunan. Amma wata goma sha ɗaya ke nan da muka binne mahaifiyarka, wannan kuma ita ce mace ta farko da aka haifa mana bayanta. Ko a gidan da ba a taɓa riƙe alƙalami ba an san sunan da ya kamata. Sunanta Lauratu. Na rubuta maka shi don na lura kwanan nan kowa ya mance yadda ake faɗinsa.

Ka ba direban da ya kawo wannan takarda amsa. Ka gaida matarka Rabi.

Mahaifinka, Barau.

Maigatari, Talata, 8 ga Maris, 1977

Zuwa ga Baba.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Mai jego da jaririya suna lafiya.

Baba, ka gafarce ni. Ba ƙin Inna nake yi ba. Shekara guda ta yi a gidana, kai ma ka sani, tunda kai ka turo ta Rabi ta yi jinya. Mutanen Maigatari ba su san ta da lafiyarta ba. Abin da suka sani shi ne tsohuwar da take fita ba mayafi, ana nemo ta a bakin iyaka. Har yau in za a kwatanta gidana sai a ce gidan mahaukaciyar nan.

Surukata ta zo daga Sule Tankarkar. Ta ce suna yana bin mai shi, ba za a liƙa wa jikarta wannan ba, in kuma an yi to ita za ta tafi. Ni ban yarda da camfinta ba, amma yarinya a garin nan za ta tashi.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba. Wata Alhamis, kasuwa ta cika, ta same ni a kara ina duba shanu. Ta cakumi rigata a gaban dillalai da Buzaye tana cewa ɓarawo. Sai da mutum uku suka ɓamɓare ta. Ina roƙa mata gafara kullum, amma ba zan iya jin sunan a tsakar gidana safe da yamma ba.

Muna sa ran zuwanka ranar Asabar. Ka huta lafiya.

Ɗanka mai biyayya, Cindo.

Gumel, Laraba, 9 ga Maris, 1977

Cindo,

Na amsa gaisuwarka. Takardarka ta yi kyau, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Ni ma haka nake rubutu lokacin da nake tsoron mutane.

Gaskiyarka, ni na tura ta. Na gaji, na kasa, na ɗora wa matarka. Wannan laifina ne, zan amsa shi a gaban Allah ba a gaban dillalan shanu ba.

Likitan da ya duba ta a Kano ya ce ruɗewar tsufa ce, ƙwaƙwalwa ce ta gaji kamar yadda gwiwa take gajiya. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Amma wa zai ji? Na yi Midil, na yi shekara ashirin da shida a ofis, na ga yadda mutane suke. Ranar da aka sallame ni aka ɗora wanda na koya wa buga tafireta, masu cika mini zaure suka ɗauke ƙafa cikin mako guda. Mahaifiyarka ce ta ɗaure kaya ta ce mu tafi gonar ubanta a Gagarawa. Ta miƙo mini fartanya, ta ga yadda na riƙe, ta ce, "Malam, ashe a Midil ba a kai ku wannan shafin ba." Ita ta koya mini noman gero ina da shekara hamsin. Shekarar fari, da mutanen Damagaram suka riƙa kwararowa a ƙafa, wata huɗu tukunyar kununta ba ta sauka daga murhu ba. Ka tambayi surukarka ko ta taɓa jin wannan. Shekara sittin da uku ta yi a duniya, kuna so ku auna ta da biyu da rabi na ciwo.

Maganar kara kuwa na sani. Bayan na dawo da ita gida ta ba ni labari ya fi sau ɗari. Cindonta take nema, ɗan shekara biyar, mai tabo a goshi. Ta ga tabon a fuskar wani ƙato mai gemu, ta ɗauka shi ya ɗauke mata yaro. A kanka ta yi faɗa da kai.

Ni ma ba ta san ni ba. Kullum na shigo sai ta ja mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo, maigidan ya fita," ta kawo mini ruwa a ƙwarya. Wata bakwai ina baƙo a gidana. Ta manta mijinta, ba ta manta a ba baƙo ruwa ba. Wannan ce mahaukaciyar taku.

'Yarka ce, hukunci naka ne. Amma ba zan zauna a tabarma in ce amin ana binne ta karo na biyu ba. Kada ku ajiye mini goro.

Allah Ya yi maka albarka duk da haka.

Barau.

Maigatari, Asabar, 12 ga Maris, 1977

Zuwa ga Baba.

Ina gaisuwa da ladabi. Rabi ce, ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Ɗanka ya karanta mini takardarka, bai kai ƙarshe ba ya fita. Da ya dawo na ce masa ni na yi wa Inna wanka shekara guda, ni ta ciza a hannu, kuma ni zan goya yarinyar, ba dillalai ba. Yau da safe shi da kansa ya raɗa wa liman. Sunan Inna aka sa.

Gyatumata ta hau motar Sule Tankarkar tun ba a feɗe rago ba. Za ta huce ko ba za ta huce ba, ban sani ba.

Sai dai Baba, daga ni har shi kunya ba za ta bar mu mu kama sunan ba, Ummi muke ce mata. Tun da liman ya faɗa da safe babu wanda ya sake faɗinsa a gidan nan. Kai kaɗai za ka iya. Ka zo ka kira ta, ta ji.

'Yarka, Rabi.