Amshin da Aka Binne a Faifai na Uku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya buga fayafayan Samarin Gulbi, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina neman gafara da na fito da maganar nan bainar jama'a. Na fara rubuto maka a rufe, ban ga amsa ba. Sunana Laminu, ƙanen Isiyaka, mai jan waƙa a Samarin Gulbi, ƙungiyar masu jita ta Sabon Gari, Maraɗi. Bana na gama makarantar horon malamai, ina jiran a faɗa mini garin da za a tura ni, kuma manya sun gargaɗe ni cewa mai jiran aiki ba ya ɗaga murya. Tsoron yana nan tare da ni. Don haka ba zan faɗi komai ba sai abin da na gani ko na ji da kunnena.

Na ɗaya. Faifan farko a Maraɗi mutanenku suka ɗauke shi, cikin siton Alhajin da ya sayo wa samarin jita da ganguna, aminin marigayi mahaifinmu. Mikoro guda, wato abin kama murya, aka rataya, kowa ya kewaye shi. Aibinsa a fili yake: akwai shuu a ƙarƙashin sauti, babbar jita da ƙyar ake jin ta, kuma a tsakiyar waƙa ta biyu jakin maƙwabta ya yi kuka, har yau yana ciki. Amma buhunan hatsin da ke jikin bango sun shanye amsa-kuwwa, babu kalma ɗaya da ta ɓace.

Na biyu. Faifai na biyu a ɗakinku na ɗaukar sauti da ke Yamai aka yi shi, kuma a ganina shi ne mafi kyawun aikinku. Kalangu da jita sun zauna lafiya, ba wanda ya taka wani. Abin da na lura kawai, an rage sautin ƙarshen bayan faifan da wuri kaɗan. Na faɗi wannan ne don ka san ba da ƙiyayya nake saurare ba.

Na uku, wanda shi ne kukana. An ɗauki faifai na uku da sabuwar na'urarku mai kama kowace murya daban, a haɗa daga baya. Ina wurin, ni ne tafinta, domin ma'aikacin da ke kan na'urar ba ya jin Hausa. Gaskiya ban taɓa jin jita ta fito tas haka ba. Sai dai waƙar farko waƙar godiya ce ga Alhaji, kuma an gina ta ne yadda ake gina irinta a wajenmu. Mai ja ya kawo maganar mahassada: sun ce tiyar Alhaji ba ta cika. Ƴan amshi su kashe ta nan take: ƙarya suke, ta cika har ta tumbatsa. Na ga samari uku tsaye gaban mikoronsu suna wannan amshin, na ga allurar na'ura tana motsi da muryarsu. Motarmu ta taso kafin a yi haɗin.

Da faifan ya iso Maraɗi, sai ga muryar Isiyaka a sama, garau, tana cewa tiyar Alhaji ba ta cika. A gurbin amshi kuwa, jita ce ke kuka. Haka yake daga farkon waƙar har ƙarshenta.

Ban yi gaggawar ɗora muku laifi ba. Na gwada shi a garmahonmu, na sake allura, na sa sabon pil, wato batir. Na kai shi gidan wani malamina mai na'ura ta zamani. Na sayi wani faifan daban, ko namu ne ya sami tabo. Duk ɗaya. In ka manna kunne jikin lasifika za ka ji amshin can ƙasa kamar kukan sauro. Ban san abin da ma'aikacinku ya nufa ba. Zatona, kuma zato ne kawai, ya ɗauki amshi ado ne mai maimaita kansa, sai ya danne shi don jita ta fito.

Ranka ya daɗe, a Hausa in ka ce “sun ce” ka yi shiru, ai kai ka faɗa. Da haka ake zambo. Alhaji kuwa gero yake sayarwa, a shekarar da damina ta yi gardama, kowa idonsa na kan bakin tiya. Masu shaguna suna sa faifan da ƙarfi a kasuwa. Ranar kasuwar Tsibiri na ji ana rera baitin ana dariya. Matan Jiratawa da suka shekara suna awo a rumfarsa sun fara zuwa da tiyarsu a ƙunshe cikin zane. Wannan da idona na gani.

Alhaji ya aiko an kwashe jita da ganguna, an kulle a siton da aka yi faifan farko. Isiyaka ya gaishe shi a ƙofar masallaci, ya kau da kai. Muka je da kawunmu ban haƙuri, samarin suka ce za su rera masa waƙar da baki yadda take. Ya ce ba ya bukata, domin baki yana iya gyara magana bayan ta ɓaci, amma abin da ke cikin faifai shi jikokinsa za su ji bayan ransa. Sharaɗi ɗaya ya bari: in har an yi amshin ranar, a kawo masa ya ji daga na'ura. Yayana yanzu ba ya ratsa kasuwa. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu yana kallonsa a matsayin butulu.

Ga roƙona. Ku aiko da bandin asali, wato zaren da na'ura ta naɗe muryoyin a kansa, ko kwafinsa da amshi a sama, a sa a gaban Alhaji da dattawan unguwa. Ku dakatar da sayar da wannan bugun har a gyara. Ku sa a faɗa a rediyo, da Hausa, cewa kuskuren daga wurin haɗi ne. Nan gaba kuma, a zaunar da mai jin harshen kusa da mai na'ura.

Amma kafin duk waɗannan, akwai wanda ya fi gaggawa. Ranar da muke ɗakinku na ga ana goge tsohon bandi don a ɗauki sabon aiki a kansa, aka ce mini haka aka saba. Ban san ko an kai kan namu ba. Muryoyin samarin nan uku da ke kansa su ne kaɗai shaidar yayana. Don girman Allah, yau ɗin nan da ka karanta, ka aika a ɗauke shi daga cikin na gogewa.

Allah ya ƙara maka girma, ya albarkaci kamfaninka, ya tsare ka daga ranar da za a faɗi aibinka a rasa mai amsawa.

Wassalam.

Laminu, ƙanen Isiyaka,
Sabon Gari, Maraɗi.