Gaisuwar Da Ta Hana Habibu Wasa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ladabtarwa na gasar ƙwallon kwando ta ɗaliban jami'a.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka, da fatan kai da iyalinka da abokan aikinka kuna lafiya. Sunana Isuhu Mamman, mutumin Damagaram, mazaunin Sevran, kusa da Paris. Lissafi nake koyarwa a makarantar sakandare, a ƙarshen mako kuma ina alƙalancin wasanninku, na daɗe ina yi ba a taɓa kai ƙarata ba. Wasiƙata ta Faransanci tana ofishinka, har yau ba amsa. Wannan ta Hausa na rubuta ta ne don mutanenmu su ma su karanta, tunda maganar ta kai musu a karkace.

Ga abin da ya faru. An ba ni wasa a Paris, tsakanin wata jami'a ta nan da wata ta Lyon. Kafin a fara, ina duba 'yan wasa sai na ga wani dogon saurayi a ƙungiyar Paris, sunansa Habibu, wanda bara yake buga wa Lyon. Na yi masa Hausa, ya amsa. Ashe ɗan Maraɗi ne. Na miƙa masa hannu, ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna. Na tambaye shi gida da iyaye da karatu da sanyin Paris, shi ma ya tambaye ni iyali da aiki. Mai horar da 'yan Lyon yana gefe yana ɗaukar mu bidiyo da wayarsa. Lyon ta sha kashi, shi kuma ya kai muku bidiyon, ya ce ni na zuga Habibu ya baro ƙungiyarsa, kuma na yi masa alfarma a fili. A kan haka kuka dakatar da ni, kuka dakatar da Habibu, ba ku kira ko ɗayanmu ba.

Na ɗaya. Kun rubuta cewa doguwar gaisuwar da rusunawar sun nuna tsohuwar alaƙa tsakaninmu. Wallahi ban taɓa ganin Habibu ba sai ranar. A wurinmu ba a sakin hannun mutum sai an tambaye shi gidansu, ko da yanzu aka san shi. Ya rusuna ne don na girme shi, kuma haka zai yi wa duk mai furfura irina. Da ya ba ni hannu ɗaya yana kallon wani wuri, da ni zan fara cewa ba a yi masa tarbiyya ba.

Na biyu. Alfarmar da aka ce na yi masa, ku kalli bidiyon wasan gaba ɗaya, ba guntun da aka zaɓo muku ba. Ni na hura masa laifi na biyar, na fitar da shi tun zango na ƙarshe bai yi nisa ba, a lokacin da Lyon ke gaba. Ya koma benci yana hararata. Paris ta ci wasan nan Habibu yana zaune da tawul a wuya. In wannan ce alfarma, Allah ya raba kowane ɗan wasa da irin tawa.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Habibu bai zo Paris don ƙwallo ba. Malamin da ke duba bincikensa na digiri na biyu ne ya koma nan, shi kuma ya bi shi. Mai horarwar ya san haka sarai, don da kansa ya yi ta lallashin Habibu ya zauna. Shi mai horarwar kuma, kowa a gasar nan ya san 'yan wasa biyu da ya ɗauko daga wata ƙungiyar Paris ana tsakiyar shekara, da alkawarin ɗakin kwana kusa da zauren wasa. Ban ce ya karya doka ba, don babu wanda ya iya gaya mini mene ne dokar. In ɗalibi ya tashi daga Paris ya nufi Lyon, sai a ce ya sami ci gaba. In ya baro Lyon ya zo Paris, sai a nemi wanda ya sace shi. A ranar wasan kuma, a gaban idona, mai horarwar nan ya sumbaci alƙali na biyu a kumatu, irin gaisuwarsu, suka tsaya suna shan kofi suna dariya. Ban zarge su da komai ba, gaisuwa ce. Amma me ya sa tasu ta zama gaisuwa, tawa ta zama shaida?

Ni dai na iya jurewa. Na shiga gidan abinci a unguwar Belleville, wani Alhaji ɗan kasuwa ya ɗaga murya ya ce, "Malam Isuhu, ashe wasa ake saidawa ba a sa mu ciki ba?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abincin bai shiga ba. Wanda ba zai iya jurewa ba Habibu ne. Ɗakin da yake kwana na ɗalibai 'yan wasa ne, an kuma riga an gaya masa in dakatarwar ta wuce wasa na gaba da za a je Lyon a buga, zai kwashe kayansa. Ya nemo lambata ya kira ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, mi na yi musu? Gaisuwa kaɗai na amsa."

Saboda haka ina roƙon ka ka ɗage wa Habibu dakatarwar kafin a je Lyon. Ina roƙon a kira ni gaban kwamiti in yi magana da bakina, a kunna wasan daga farko har ƙarshe. Sannan a fito da doka ɗaya kan sauya ƙungiya, wadda za ta hau kan mai zuwa da mai tafiya.

In kuwa kwamitinku ya ƙudura cewa sai an hukunta wani a kan gaisuwar nan, to ni na fara magana, ni na miƙa hannu. Habibu ba shi da ikon ƙin hannun babba. Ku cire sunana daga cikin alƙalanku har abada, ba zan ɗaukaka ƙara ba, amma ku bar shi da ɗakinsa da karatunsa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka haƙurin sauraron ɓangare biyu kafin ka sa hannu, ya kuma tsare 'ya'yanka daga hukuncin wanda bai ji ta bakinsu ba.

Wassalam,
Isuhu Mamman, Sevran.