Kafin Ƙanƙara Ta Narke

Port Alder, Michigan
9 ga Janairu, 1906

Zuwa ga matata Adela,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Una. Yaya tarinta, ya sauka? Ki gaida Inna, ki ce mata ɗanta yana can daji sansanin masu saran katako, kamar yadda muka shirya. Allah ya yafe mana wannan ƙarya.

Ni lafiyata ƙalau, in ban da haƙori ɗaya da na baro a kan ƙanƙara ranar Asabar. Na gefe ne, kyawuna yana nan. A garin nan sunana Jack Reid, da shi za ki riƙa aiko wasiƙa. Kin san dokar gida: wanda aka kama ya karɓi albashi don buga hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, an kore shi daga kulob har abada, kujerar da manyan kulob suka samo mini a ofishin injin katako kuma ta tafi ke nan. Mu bakwai ne a ƙungiyarmu ta nan, huɗu sunan aro muke amsawa, ba mai tambayar wani. Wasiƙa ma da ka karanta sai murhu.

Ɗakinmu ɗaya da golanmu, mai tsaron raga, wai shi Tom Lyle. Dogo ne, ga surutu ga minshari. Ran nan na ce, "Lyle, tsakani da Allah, wa ya raɗa maka sunan nan?" Ya ce, "Wanda ya raɗa maka Reid, ɗan rainin wayo. Kai da sai an kira ka sau uku kake waiwayowa."

Wasan nan ba irin na gida ba ne, Adela. Masu haƙar tagulla ne 'yan kallo, sun yi caca a kanmu, jini suke so su gani. Ba a canjin ɗan wasa, yadda kuka shiga haka za ku ƙare, sai fa wanda aka fitar a kan ƙyaure. Lyle fuska a buɗe yake tsayawa, doka ta hana shi ko durƙusawa. Tsoron wasan nan nake ji, ban gaya wa kowa ba sai ke.

Naki har kullum,
Cormac

29 ga Janairu

Adela,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Ba ni ba ne, Lyle ne.

Ranar Asabar ana cikin wasa aka yi cincirindo a bakin ragarmu, sanda ta same shi bisa kunne. Ban ga hannun wa ba, kuma ina tsoron kada ta zama tawa ce. Aka ɗura masa barasa, ya miƙe, ya ƙarasa wasan tunda ba mai karɓarsa. Muka ci uku da biyu. A hanya ya ce mini, "Reid, kamar ana daka a kaina, amma ka ga yadda na tare ƙwallon ƙarshen nan?" Da gari ya waye har ina tsokanarsa, na ce yau kam Allah ya shirye ka, ba minshari. Bai amsa ba. Kafin azahar ya cika.

Na je wurin Mista Hoskin, manajanmu, na ce a buga wa danginsa waya. Ya ce, "Waɗanne dangi? A tashar jirgin ƙasa na tsince shi, ya tare mini bugu goma cikin goma, na ce ya isa. Ni gola na ɗauka, ban ɗauki tarihi ba." Muka zazzage akwatinsa: riguna, reza, safa saƙar hannu. Ko guntun takarda babu. Ya kiyaye dokar ƙona wasiƙa fiye da kowa.

Ƙasa ta daskare, diga ba ta shiga, don haka an ajiye shi a ɗakin dutse na maƙabarta tare da sauran mamatan hunturu. In ƙanƙara ta narke cikin Afrilu za a binne su. Wanda ba a zo nema ba, sunan da ke jikin akwatin gawarsa shi za a rubuta a kabari. Wata tana can ta saƙa wannan safa, tana cewa ɗanta ko mijinta yana daji, kamar yadda kike cewa.

Ga hoton da muka ɗauka mu biyu. Ki kai shi gidan jarida a Ottawa. Na san za ki ce a yanke fuskata da almakashi, to ba zai yi amfani ba, ba sa buga labarin mutuwa sai da sunan wanda ya tsaya masa. Ki ba su Cormac Tierney. Na san abin da zai biyo baya, na kuma san ke za ki fara shan kallo a coci. Ki yafe mini. Ki fara gaya wa Inna da bakinki.

Mijinki,
Cormac

11 ga Maris

Uwar Una,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardar korar da kika haɗo, ta kulob da ta ofis. Ashe sun iya sauri in sun so. Na gode da ba ki zage ni ba, ko da yake na ga inda alƙalami ya huda takarda.

Wasiƙu tara suka zo mini. Gida tara, kowanne da namiji da ya ce ya tafi daji, ya daina rubutu. Wata mata ta yi kwana biyu a jirgi ta zo, na raka ta ɗakin dutsen. Da aka buɗe ta ce, "Ba shi ba ne," ta yi dariya, sannan ta zauna a ƙasa. Abokan wasa sun daina zama kusa da ni, wai na jawo musu ido.

Saura wasa biyu. Duk sandar da ta ɗaga sai in kauce. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne ruwan da ya fara ɗiga daga rufin gidaje, ƙanƙara ta soma narkewa ke nan.

Naki,
Cormac

14 ga Afrilu

Adela tawa,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya, ke da Una da Inna. An binne shi jiya.

Ranar Laraba wani dattijo ya sauka daga jirgi, baƙar kwat, wuya a miƙe, jaridar a naɗe a hannunsa. Na ce, "Baba, wa zan ce?" Ya ce, "Kai dai nuna mini." Tun daga tsayinsa na ga kamannin Lyle, har yadda yake sunkuyar da kafaɗa ɗaya.

Mai gadin maƙabarta ya ɗaga murfin. Dattijon ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa ya mayar da tsagar gashin Lyle daga dama zuwa hagu, ya gyara masa wuyan riga. Ya juyo ya ce, "Ban san shi ba."

Na bi shi har tasha ina roƙo. Na ce, "Baba, don girman Allah, suna kawai. Na rasa aikina saboda sunan nan." Ya ce, "Wa ya aike ka? Ɗana bai taɓa sayar da kansa don wasa ba. Hotonsa yana bangon kulob, kofi a hannunsa. Kana so su sauke shi?" Na ce ai hoto ne, wannan kuwa mutum ne. Jirgi ya yi kuka. Da ya sa ƙafa a matakala sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwarsa ba ta karanta jarida. Ta san yana daji. Ka bar shi a dajin."

Mu uku muka tsaya a bakin kabarin, ni da fada, limamin coci, da mai haƙa. Fada ya yi addu'a Allah ya karɓi bawansa Thomas Lyle. Ina so in ce amin, bakina ya ƙi, don na san ko da yana ji ba zai waiwayo ba.

Zan shigo jirgin Talata. Ki zo tasha da Una, ki kira ni da ƙarfi kowa ya ji.

Mijinki,
Cormac Tierney